Abin da Mai Aski Ya Rufe da Hula

Ɗan kawunmu mai aski, wanda duk layinsu ke kira Lallausa, ya shekara talatin da ɗaya yana riƙe da reza, kuma in ka bi ta bakinsa bai taɓa fitar wa kowa jini ba, ko da kamar na cizon ƙuma ne. Daga nan sunan ya samo asali. Wai akwai wanda ya yi wa aski yana gyangyaɗi, da mutumin ya farka sai ya ce, "To, a fara mana." In ya ga an saki baki ana saurarensa sai ya ƙara gishiri, ya ce ya taɓa shafa wa balan-balan sabulu ya aske ta tas ba ta fashe ba, ya taɓa gyara wa wani saje a cikin motar haya tana faɗawa ramuka. Babu wanda ya ga ko ɗaya. Amma a bar wasa, mutumin ya iya aski.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da tela. Akwai kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa dama tun da daɗewa, sai dai a zagayo da kai ta hagu. Akwai madubi mai tsaga a kusurwa, da benci, da kilifa uku rataye a ƙusa, da farin tawul da yake wankewa da hannunsa don bai yarda da wankin kowa ba. Karatu kuwa bai yi nisa ba, domin yayarsa ta rigaya ta kwashe na gidan kaf. Ita ce Yaya Malama, shugabar makaranta mai ritaya, wadda har yau in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka ji kamar ka manta littafinka a gida. Ita ake kira in takarda ta zo, ita ake jira in za a yanke shawara. Shi kuwa duk abin da ya mallaka a gidan nan hannun nan ne. In aka cire hannun, sai gemu da surutu.

Mahaifinsu, Baba Direba, tsohon direban babbar mota ne. Katinsa ya ce shekararsa casa'in, shi ya ce ɗari da 'yan kai, ya ce mai rubuta katin ne ya gaji da ƙirga. Yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci da hannunsa, yana gardama da rediyo har sai rediyon ya sa waƙa ya huta. A bayan kunnensa na hagu, ya haura zuwa ƙeya, akwai tabon ƙuna mai faɗin tafin hannu, sumul ba gashi. Ruwan lagireto ne ya watso masa tun yana saurayi.

Kowace Asabar da safe Lallausa kan rufe shago, ya ɗauki 'yar jakarsa, ya tafi yi wa Baba aski a baranda. Ba a kawo kilifa, don tsohon ya ce ƙarar injin da ya ji a duniya ta ishe shi. Sabulu ne da reza. In an zo wajen tabon, sai Lallausa ya zagaye bakinsa a hankali, kamar mota a shataletale.

Wata Asabar ya goge rezar a tawul sai ya ga ja. Ɗigo ɗaya ne. Ya leƙa bakin tabon, ya ga wuri ya ɗan buɗe kamar ƙwayar shinkafa. Kusan shekara talatin bai yanki ɗan kowa ba, yau ya yanki uban da ya haife shi! Ya waiga dama, ya waiga hagu, ba kowa sai kaza. Ya danna auduga, ya barbaɗa hoda, ya kifa wa tsohon hula.

"Har an gama?"

"An gama, Baba."

"Yau gudu kake kamar wanda birki ya tsinke wa."

Ya yi dariyar yaƙe, ya cusa tawul ɗin can ƙasan jaka. A ransa ya ce kwana uku ya warke, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Asabar ta zagayo, wurin bai rufe ba. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sake yin wani. Lallausa ya sa sifirit, ya sa aidin. Ya je kemis ya ce a ba shi man miki, wai wani kwastoma ne mai askin tsallaken titi ya yanka, shi kuma yake gyara ɓarnar. Bawan Allahn nan na tsallaken titi ya ci zagi a bakin mai kemis, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ƙwayar shinkafa ta zama ƙwayar wake. Ƙwayar wake ta zama murfin kwalba. Sai Lallausa ya ce iskar baranda ba ta yi wa tsoho kyau, aka mai da aski cikin ɗaki, ana turo ƙofa. Ya ce daga yau shi zai riƙa wanke rigar matashin Baba, domin mata ba sa ɗauraya da kyau. Ya shiga sayen huluna, kowace ta fi ta baya zurfi, har aka kai wadda in Baba ya sa sai ya ɗaga haɓa kafin ya ga mai gaishe shi. Da wurin ya soma wari sai ya haɗa da turare. Asabar ta daina isa, ya koma zuwa Talata da Alhamis, yana canza filasta a gurguje kamar ɓarawon da ya ji tari.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yabo. Dangi suka ce kai, ɗa na gari ke nan. Maƙwabta suka riƙa yi wa 'ya'yansu misali da shi. Yaya Malama da kanta, wadda yabo ke fita bakinta da ƙyar kamar haƙorin da ake cirewa, ta tsaya gabansa ta ce, "Ƙanena, ashe ka yi hankali. Allah ya yi maka albarka." Ya ce amin yana kallon ƙasa, yana jin kamar a tsaga simintin ya shige. Sau nawa ya shirya maganar a hanya, ya jera ta tsaf, daga "Yaya, akwai wani abu" har ƙarshe. Da ya hango tabarau sai ta narke. Kullum yana ganin da ya faɗa tun jiya da ya fi sauƙi, yau kam an makara. Haka jiya ta yi ta tara 'yan'uwanta.

Ranar da asiri ya tonu ba ya nan. Yaya ce ta kai Baba ɗaukar hoto don sabunta katin shaida, mai hoto ya ce a cire hula. Hular ta ƙi fita, ta manne. Da Yaya ta ja, ta taho da filasta.

Yana tsakiyar gyara wa wani gashin baki waya ta yi ƙara.

"Kai, kana ina?"

"Ina shago, Yaya."

"Ajiye abin da ke hannunka ka zo. Kuma ka taho da bakinka."

Ya tarar da su a falo, Baba zaune ba hula, mikin a fili, bakinsa ya kumbura ya naɗe kamar leɓe, tsakiyarsa jajir. Shi kansa Lallausa bai taɓa ganinsa da hasken rana sosai haka ba.

"Kai kake masa aski. Tun yaushe wannan abin yake nan?"

Bakinsa ya riga hankalinsa. "Ai... bai fi sati uku ba, Yaya. Ina ta shirin in gaya miki."

Baba ya kalli silin.

A asibiti aka tura su wajen wata likitar fata, 'yar siririya, wadda in ka gan ta a titi za ka ce jarrabawa za ta je rubutawa. Ta sa safar hannu, ta auna mikin da 'yar rula, ta lalubi wuyan Baba da ƙasan haɓarsa tana neman kaluluwa. Ta tambayi tun yaushe, Yaya ta ce sati uku. Likitar ta ɗan dubi Lallausa, shi kuwa ya duƙufa karanta wata takarda a bango kan wanke hannu, kamar za a tambaye shi ita a lahira. Aka yanki ɗan ƙanƙanin nama aka kai gwaji, aka ce su dawo bayan kwana goma.

Kwana goman nan Lallausa ya rame har wandonsa ya nemi sabon rami a bel. Da suka koma, likita ta faɗi wani suna mai tsawon jirgin ƙasa, sannan ta sauko da shi: kansar fata ce.

Yaya ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Likita, kada ma a ce tiyata. Mutum mai shekara casa'in? In aka sa shi barci wa zai tashe shi?"

"Hajiya, ba shekaru kaɗai muke dubawa ba," in ji likita. "Muna duba mutumin. Baba da ƙafarsa ya shigo nan, zuciyarsa da sauran ƙarfi, kuma tun ɗazu yake gyara mini yadda ake riƙe biro. Irin wannan aikin ba sai an sa shi dogon barci ba. Allura za a yi a kashe wurin, yana farke za a cire. In aka bar shi kuwa zai ci gaba da ci har ƙashi, ga jini, ga zafi."

"To a cire mana," in ji Baba. "Ni na taɓa canza taya da karyayyen hannu."

"Abu ɗaya ne ya tsaya mini," likita ta ce, ta ajiye biron. "Sati ukun nan. In da gaske cikin sati uku abu ya yi wannan girma, to mai gudu ne, kuma mai gudu irin haka da wuya bai riga ya shiga ciki ba. In haka ne, yanka dattijo kamar Baba wahalar da shi ne kawai, gara mu koma ga rage masa zafi. In kuwa a hankali ya yi ta tafiya, shekara da shekaru, to ina sa rai wuƙa za ta gama da shi. Za mu yi hoto, amma hoto ba ya faɗin komai. Wanda ya ga farkonsa shi zai taimake ni."

Fanka tana juyawa. Lallausa ya ɗaga kai ya bi ta da ido.

Yaya ta ja numfashi ta ɗauki jakarta. "To shi ke nan. Sati uku ne, ga wanda yake gani nan ya faɗa. Ba za a yi ta yanka mana uba a banza ba. Baba, tashi mu je gida, abin da Allah ya rubuta..." Muryarta ta karye. Tunda Lallausa yake bai taɓa jin muryar nan ta karye ba, ko ranar da mahaifiyarsu ta rasu.

Ta kama hannun Baba. Baba ya miƙe. Suka taka ɗaya, biyu, Yaya ta kama mariƙin ƙofa. Shi yana zaune, yana ganin ana fita da ubansa a kan ƙaryarsa.

"Shekara biyu ne."

Da ƙyar maganar ta fito, kamar kukan ɗan tsako. Yaya ta juyo.

"Me ka ce?"

"Shekara biyu da wata uku, Yaya. Ni na yanke shi da reza. Ni na rufe." Daga nan bakin ya ɓalle, ya zazzage komai: tawul, hoda, mai kemis, rigar matashi, turare, huluna. Har mai askin tsallaken titi sai da ya wanke shi a gaban likitar da ba ta san shi ba.

"Da wata biyar," in ji Baba.

Kowa ya dube shi.

"Shekara biyu da wata biyar. Ka zubar da wata biyu a hanya. Kai kana tsammani ban sani ba? Kan nawa ne fa. Kullum da safe sai na taɓa."

"Baba, kun sani kuka yi shiru?" in ji Yaya.

"To me zan ce? Na ɗauka hannun yaron ne ya fara rawa. Na ce in na yi magana ke ki ji, in kin ji dangi sun ji, in dangi sun ji gari ya ji. Wa zai sake miƙa masa kansa? Direba in idonsa ya fara mutuwa ba a shelanta shi a tasha." Yaron da ake magana a kai shekararsa hamsin da huɗu, da furfura a gemu.

Lallausa ya rufe fuska da tafin hannu. Ashe duk turo ƙofar nan da saurin nan, mutum biyu ne ke ɓoye wa juna abu ɗaya, ɗaya a gaban kujera ɗaya a kanta.

Ta cikin yatsu ya ce, "Likita, rezata ce ta jawo masa?"

"A'a. Reza ba ta kawo wannan. Tsohon tabon ƙuna yakan juya bayan shekaru masu yawa ya zama haka. Ina jin wurin ya riga ya fara buɗewa, rezarka ta bi ta kai kawai. Wataƙila ma ba ka yanke shi ba sam."

Wani sanyi ya fara ratsa shi, har ya soma ɗago kai.

"Amma da ka kawo shi a watan farko," ta ci gaba, ba tare da ɗaga murya ba, "aikin minti ashirin ne, ɗinki huɗu, ku koma gida. Yanzu sai mun yanka da faɗi, mu taɓa gefen kunne, mu ɗebo fata daga cinyarsa mu rufe wurin."

Kan ya koma inda ya fito. Shekara biyu yana jin kunyar abin da bai yi ba, alhali abin da yake yi da hannunsa kowace Talata da Alhamis shi ne abin kunyar.

Da Yaya ta zage shi da ya ji daɗi. Ba ta zage shi ba. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Hulunan nan da nake ta yabo." Shi ke nan.

Hoto ya nuna abin bai shiga ciki ba, aka sa ranar aiki. Da safiyar ranar wata nas ta zo da kilifar asibiti ta aske gefen kan Baba, aski irin na gaggawa, nan tudu nan kwari, kamar gonar da awaki suka shiga. Lallausa na tsaye a gefe, yatsunsa na motsi su kaɗai, amma wa ya ba shi bakin gyara? Ya haɗiye. Aka tura Baba a keken marasa lafiya, yana faɗa wa mai turawa ya riƙa sassautawa a kwana.

Awa biyu da rabi suna zaune a benci ɗaya, shi a wannan ƙarshe Yaya a wancan, tsakaninsu fili da za a iya faka tirela. Da aka fito da tsohon, kai naɗe da bandeji, cinya naɗe da bandeji, idonsa biyu tar. Nas ta ce tunda aka fara yake ba su labarin wata gada da ta karye da shi, har likita ta roƙe shi ya daina nuna faɗin kogin da kai.

Cinyar ta fi kan ba shi wahala. Sati biyu yana tafiya kamar agwagwa, yana mita wai an cire faci daga taya mai kyau an liƙa wa mara kyau. Amma fatar ta kama, sakamakon gwaji ya dawo, an cire abin duka har da gefensa. Likita ta ce a riƙa kawo shi duk wata uku, kuma duk abin da aka gani, kome ƙanƙantarsa, a faɗa.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da irin tasa. "Ai Allah ya taimaka da Lallausa na kusa." "Ai idon mai aski ne ya gano." Na farko da na biyu ya yi shiru. A na uku, wata gwaggo mai baki kamar lasifika, ya ce, "Gwaggo, ba ni na gano ba. Ni na rufe, shekara biyu da wata biyar." Ya faɗa wa na huɗu, ya faɗa wa na goma, kowane karo kamar ana cire masa ƙaya. Kafin sati ya zagayo labari ya kai layin shagonsa. Wasu kwastomomi suka tsallaka titi. Tela maƙwabcinsa kuwa in ya gan shi sai ya ɗaga murya: "Maigida, akwai sauran yadi, ko a ɗinka maka babbar hula?"

Wata huɗu bayan haka, wata Asabar, yana yi wa Baba aski. Ya gama ɓangaren dama tas, hagu na cike da kumfa, sai ya ga wani ɗan ƙurji ja a ƙasan kunnen dama. Bai kai kan allura ba. Ya tsaya da reza a sama. Tsohuwar muryar nan ta taso masa: ƙarasa mana, ka duba sati mai zuwa.

Ya ajiye rezar a cikin kofi. "Baba, tashi."

"Ina za mu? Ba ka gama ba."

"Asibiti."

"Da rabin kai? Kai, ka haukace ne? Ƙarasa mini, ko ka miƙo abin da zan rufe."

"Ba abin da za a rufe."

Ya kira Yaya a waya ya ce ta same su can. Hanyar samun mota kuwa dole sai ta gaban shagonsa. Haka suka ratsa layin da hantsi, tsoho ɗan casa'in da rabin kai sumul rabi kumfa tana bushewa, yana zagin ɗansa da sunayen kayan mota, ɗan na riƙe da hannunsa yana kallon takalmi. Mai gyaran waya ya fito. Tela ya fito da almakashi a hannu. Mai askin tsallaken titi ya bar kwastoma a kujera ya zo bakin ƙofa don ya ga aikin gwani da kyau.

Likitar da ke aiki ranar ta kira likitarsu, ta zo ta duba da 'yar fitila da gilashi. Ta daɗe tana dubawa.

"Cizon sauro ne," ta ce.

Baba ya buga cinyarsa mai lafiya. "Kun gani! An zagaya gari da ni kamar mahaukaci saboda sauro!"

"In ka ga wani gobe, ka sake kawo shi," likita ta ce wa Lallausa.

Yaya ta iso tana haki, aka gaya mata. Ta dubi kan Baba, ta dubi ƙanenta, leɓenta ya ɗan motsa kamar dariya na neman hanya. Ta buɗe jaka ta ciro hankici ta miƙa masa.

"Goge masa kumfar nan. Ku zo mu je, ka ƙarasa abin da ka fara. Ni zan riƙe maka madubi."